Alƙawarin 99.9%: Lissafin da Ke Bayan Na'urar POS

Mai POS a garin Boko ko a bakin titin Kankia yakan ce wa mai cire kuɗi, "Alhaji, a yi haƙuri, babu sabis." Kuɗin da ake jira sai sun ratsa aƙalla hannu biyar: na'urar da manhajarta, layin sadarwa, kamfanin da ya ba da na'urar irin su Moniepoint ko OPay, cibiyar da ke haɗa bankuna irin NIBSS, sai bankin mai katin. Kowannensu da alƙawarin da ya ɗauka game da tsawon lokacin da zai kasance yana aiki.

Me alƙaluman ke nufi?

Shekara tana da awa 8,760. Kamfanin da ya yi alƙawarin 99% ya ba kansa damar tsayawa awa 87.6, sama da kwana uku da rabi. Mai 99.9% yana da awa 8.76. Mai 99.99% kuwa bai wuce minti 53 ba. Duk tara ɗaya da aka ƙara tana rage lokacin tsayawa zuwa kashi ɗaya cikin goma, amma tana buƙatar ƙarin injuna, ƙarin layuka da ma'aikatan da za su kwana a bakin aiki.

Idan aka jera hannuwa

A nan mutane da yawa ke kuskure. Idan aiki sai ya bi ta kowane hannu, ninka alƙaluman ake yi. A ɗauki misali cewa biyar ɗin nan kowanne yana kan 99.9%. Sakamakon zai sauka zuwa 99.5%, wato kusan awa 44 a shekara. Kowa ya cika alƙawarinsa, amma mai jiran kuɗi ya sha jira ninki biyar.

A ƙauye layin sadarwa ne ya fi yawan ba da matsala. A ce shi yana kan 99%, sauran huɗun suna kan 99.9%. Jimillar za ta koma 98.6%, kusan awa 122, kwana biyar ke nan ba ciniki.

Ina ya kamata a zuba kuɗi?

Ga hanya biyu a kan wannan misalin. Banki zai iya kashe maƙudan kuɗi ya ɗaga nasa daga 99.9% zuwa 99.99%, abin da za a rage bai kai awa 8 ba. Ko kuma a sa wa na'urar layi biyu na kamfanoni daban-daban. Idan kowanne yana kan 99%, yiwuwar su mutu tare kashi ɗaya ce cikin 10,000, lokacin tsayawa kuma ya sauko daga awa 122 zuwa kusan 36. Kuɗin layi ɗaya ya ceto awa 86. Masu POS da ke ajiye na'ura biyu a kan tebur wannan lissafin suke yi.

Sharaɗin dai shi ne layukan su zama hanyarsu daban. Kamfanonin sadarwa sukan raba hasumiya ɗaya. Janaretanta ya tsaya, duka sun tafi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace a lokaci guda, bankuna da dama a Najeriya suka shiga matsala. A Satumban 2021 ma an rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, kuma a wuraren layi na biyu bai amfani kowa ba.

Wa ke biyan asarar?

Amazon, wanda kamfanoni da yawa ke hayar kwamfutocinsa, yana alƙawarin 99.5% ga na'ura ɗaya, 99.99% ga wanda ya biya ya raba aikinsa a cibiyoyi biyu ko fiye. Idan ya gaza, diyyar rangwame ce kan kuɗin haya: 10%, 30%, ko duka idan ya faɗi ƙasa da 95%. Cinikin da ya wuce ba ya cikin lissafi.

Haka abin yake a gida. Tun Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 don warware cinikin POS da ya maƙale. Ga banki wannan wa'adi ne mai sauƙi. Ga manomin da ya sayar da buhun gero domin sayen magani, kwana uku jira ne mai tsawo, kuma mai POS ne ke ɗaukar zafin.

Ba kowane aiki ne ke buƙatar 99.99% ba, domin tsadar tana komawa kan cajin da talaka ke biya. Abin da ya wajaba shi ne kamfanin da sunansa ke jikin na'urar ya bayyana adadi ɗaya na tafiyar gaba ɗaya, daga katin mutum zuwa asusunsa, ya fara gyara daga hannun da ya fi rauni, ya kuma ɗauki nauyin mayar da kuɗi idan abu ya maƙale.