Koyar da Karatun Zanen Bugun Zuciya ta Intanet: Kayan Aiki da Matsalar Harshe a Arewacin Zamfara

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin kafofin intanet da ake koya wa ɗaliban kiwon lafiya karatun zanen bugun zuciya da su, wato gwajin da ma'aikatan asibiti ke kira isiji. An dubi yadda zanen yake da ire-iren kafofin da abin da bincike ya tabbatar game da su, sannan aka auna su da yanayin ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. An fi tsayawa a kan kalmomin fannu, domin nan ne batun ya shafi manazarta Hausa kai tsaye.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Hausa ta daɗe da shiga littattafan likitancin zuciya na duniya. Tun a shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana a Zariya wani ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin jego, wanda suka ƙiyasta yana samun kimanin mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. Sun danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Binciken Isezuo da Abubakar a Sakkwato (2007) ya sami adadi makamancin wannan. Daga baya Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka rage nauyin da ake ɗora wa al'adun jego, suka karkata ga talauci da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam.

Zuciyar da ta raunana irin haka takan rikita bugunta, haka ma wadda hawan jini ya gajiyar, da wadda ciwon maƙogwaron ƙuruciya ya lalata wa marafan ƙofofi. Gwaji mafi araha da ke nuna rikicewar shi ne isiji. Sai dai na'urar takarda kawai take fitarwa, wani ne zai karanta. A babban asibitin ƙaramar hukuma wannan wani yawanci ba ƙwararren likitan zuciya ba ne: ƙaramin likita ne, ko nas, ko ungozoma, ko jami'in lafiyar al'umma. Shi zai yanke ko mai jegon da aka kawo daga Sakajiki za ta kwana a Ƙauran Namoda, ko kuwa a kama hanyar Gusau da ita, a lokacin da hanyar kanta ta zama abin tsoro.

Karatun ba mai sauƙi ba ne ko a inda ake da malamai. Nazarin da Cook da Oh da Pusic suka wallafa a 2020, wanda ya tattara bincike 78, ya nuna ɗaliban likitanci na dacewa da amsa daidai a kashi 42 cikin ɗari, likitocin da ke aiki kashi 68.5, ƙwararrun zuciya kuwa kusan kashi 75.

2.0 Abin da Ake Karantawa

Zuciya na da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙullin tsoka da ke ƙyasta lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga baligi mai hutawa. Lantarkin na bazuwa a ɗakunan sama su matse, ya iso wani mashigi da ke tsakani inda ake ɗan riƙe shi, sannan ya gangara ɗakunan ƙasa su tura jini. Na'urar da Willem Einthoven ya ƙera a Leiden ta ƙasar Holan a farkon ƙarni na 20, wadda ta sama masa kyautar Nobel a 1924, ita ce ta mayar da auna wannan tafiya aikin asibiti. Shi ne kuma ya raɗa wa tuddan zanen haruffan da ake amfani da su har yau: P ga matsewar ɗakunan sama, QRS ga ta ɗakunan ƙasa, T ga komawarsu hutu.

Takardar na gudu da saurin milimita 25 a daƙiƙa. Saboda haka kowane ƙaramin gida a kanta daƙiƙa 0.04 ne, babban gida mai ƙananan gidaje biyar kuwa daƙiƙa 0.2, wato manyan gidaje 300 ke yin minti ɗaya. Idan akwai manyan gidaje huɗu tsakanin bugu da bugu, sai a raba 300 da huɗu, a sami 75. Wannan lissafi ɗalibi na iya riƙe shi a zama ɗaya. Abin da ba ya zaunawa a zama ɗaya shi ne ido: a kalli zane a gane cewa P ya ɓace kuma tazarar bugun ba ta da tsari, alamar karkarwar ɗakunan sama, wadda ke sa jini ya daskare ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki, ko a gane P na tafiyarsa daban QRS na tasa daban, alamar mashigin ya yanke. Wannan ido sai da ganin zane ɗaruruwa ake samun sa, kuma a nan ne littafi da allo suka gaza.

3.0 Kafofin da Ake da Su

Mafi tsufa su ne rumbunan zane. PhysioNet, da aka buɗe a 1999 a Amurka, ya ajiye zanukan marasa lafiya na gaskiya kyauta, ciki har da tarin MIT-BIH mai ɗauke da naɗi 48 na rabin sa'a da aka ɗauka daga mutum 47 a asibitin Beth Israel na Boston a shekarun 1970. Wannan ya fi amfani ga malami da mai ƙera manhaja fiye da ɗalibi sabon shiga. ECG Wave-Maven na malaman Harvard yana ajiye zane da tambaya, sai ɗalibi ya amsa kafin a buɗe masa bayani. Life in the Fast Lane, na wasu likitocin gaggawa a Ostareliya, da ECGpedia na likitocin Holan, sun fi kama da kundin dubawa.

Akwai kuma manhajojin kwaikwayo, irin Six Second ECG na kamfanin SkillStat, inda zanen ke gudu a fuskar waya kamar yadda yake gudu a na'urar gefen gado, ɗalibi ya faɗi sunansa kafin lokaci ya ƙure. Fa'idarsu ita ce gyara nan take: wanda ya kuskure yana ganin kuskurensa tun zanen na gabansa. Sai katunan bita irin na Anki, masu dawo wa mutum da abin da ya faɗi a kai bayan kwana ɗaya, bayan uku, bayan mako, tamkar tilawar almajiri da aka ɗora a kan lissafi.

Kada a yi wa waɗannan kaya kallon sha-yanzu-magani-yanzu. Charle Viljoen da abokan aikinsa na Jami'ar Cape Town sun tattara binciken da aka yi a kan batun a 2019, suka iske koyo ta kwamfuta ita kaɗai bai fi koyarwar malami ba. Inda aka ga fifiko shi ne inda aka haɗa biyun. Tobias Raupach na Göttingen a Jamus ya gano wani abin da duk malami zai gane: jarrabawar da ake sa makinta a sakamako ta fi salon koyarwa tasiri a kan abin da ɗalibai suka iya. Manhajar da ba ta shiga manhajar karatu ba, ba a kuma yi jarrabawa a kanta ba, mako biyu take yi a waya a goge ta don a sami wurin hotuna.

4.0 Yanayin Arewacin Zamfara

Masu ƙera waɗannan kaya sun ɗauka akwai layi da wuta kullum. A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran yankuna sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ɗalibin Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ko na makarantar nas da ungozoma ta Gusau da ke zaune a Zurmi a wannan lokaci, da karatunsa ya rataya a kan shafin intanet, da ya tsaya cik kusan wata uku. Darasin a fili yake: abin da za a dogara da shi a wannan yanki shi ne wanda ake saukewa sau ɗaya ya yi aiki ba layi. Hoton zane da katin bita ba su da nauyi, ana iya tura su daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, yadda masu shagon caji ke tura finafinai a kasuwar Shinkafi. Bidiyo mai tsawo shi ne mai cin data, kuma shi ne ya fi ƙarancin sa ɗalibi aiki.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓuya. Yawancin zanukan da ke cikin rumbunan na marasa lafiyar Turai da Amurka ne, kuma cututtukan da aka fi nanatawa nasu ne. An daɗe da sanin cewa zanen lafiyayyen baƙar fata kan zo da tuddai masu tsawo da wasu sauye-sauyen T da za a iya ɗauka ciwo ne. Abin da ya sa M. A. Araoye na Jami'ar Ilorin ya tsara nasa ma'auni na gane kaurin zuciya ga 'yan Nijeriya ke nan. A ɗaya ɓangaren, abin da ma'aikaci zai fi gani a asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar yara masu tamowa, shi ne yaron da gudawa ta zuƙe wa sinadarin fotashiyam har T ya kwanta, ko mai ciwon ƙoda da sinadarin ya yi wa yawa har T ya yi tsini, ko wanda maganin zazzaɓi irin kwinin ya tsawaita wa tazarar Q zuwa T. Rumbun zane na gida, wanda asibitocin Gusau da Sakkwato da Kano za su tara, ya fi kowace manhajar waje dacewa da wannan buƙata, muddin an goge sunan mara lafiya kafin hoton ya shiga WhatsApp.

5.0 Kalmomin Fannu

Ana karantar da ɗalibi da Ingilishi, amma abokinsa na aji da Hausa yake warware masa abin da ya shige duhu, kuma da Hausa zai yi wa mara lafiya da danginsa bayani. A nan kalmomin yau da kullum ke yin tuntuɓe.

"Bugun zuciya" ita ce ta farko. Ana faɗinta ga bugun da kowane mai rai ke da shi, kafafen yaɗa labarai kuma na cewa wane ya rasu "sakamakon bugun zuciya", suna nufin toshewar hanyar jinin zuciya ko tsayawarta farat ɗaya. Ma'aikacin da ya ce wa dattijo za a duba bugun zuciyarsa zai iya tayar masa da hankali a banza. "Hoton zuciya" na ɗaukar isiji da gwajin da ake yi da sautin na'ura da hoton ƙirji, alhali gwaje-gwaje uku ne masu amsa tambayoyi daban. "Jijiya" ta haɗa hanyar jini da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa da agara. "Faɗuwar gaba" kuwa, wadda mara lafiya ya fi kawo kukansa da ita, tana iya zama tsoro, tana iya zama karkarwar ɗakunan sama. Zuciya a Hausa mazaunin fushi da tunani ce kafin ta zama tsoka.

Tarko mafi haɗari ga mai fassara shi ne kanwa. Turancin Nijeriya na kiran ta fotash, sunan da ke tura tunani ga fotashiyam, alhali mafi yawan abin da ke cikinta gishirin sodiyam ne. Duk darasin da ya fassara fotashiyam da "sinadarin kanwa" ya koyar da kishiyar gaskiya, a yankin da ake ba mai jego kunun kanwa.

Kalmar da ta fi wuya ita ce ta tsarin bugun kansa. "Sauri" da "jinkiri" sun wadatar ga yawan bugu, amma zuciya na iya bugawa sau 80 a minti, adadi lafiyayye, tsarin kuma a rikice. Manazarta waƙa suna da kalmar da ta dace tun tuni, wato "kari", kuma kunnen da ya tashi da kotso da kalangu ya san bambancin kiɗa mai sauri da kiɗan da ya karye. "Karin bugun zuciya" da "karyewar kari" sun fi "rashin daidaiton bugu" da ake yawan rubutawa faɗin abin da ake nufi. Wannan ba ado ba ne: Karel Wenckebach ya siffanta ɗaya daga cikin matsalolin mashigi a 1899 ta hanyar bin tazarar bugun jijiya, tun kafin na'urar Einthoven ta shiga asibitoci. Manhajar da ke haɗa kowane zane da sautinsa za ta ba ɗalibi ƙofa ta biyu ta shiga darasin.

Ba duk kalma ce za a ƙirƙira ba. Haruffan P da QRS da T gara a bar su yadda suke, domin su ne a jikin na'ura da takardar da za a aika wa likitan Gusau. Akwai kuma abin koyi a gida: Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna yadda masana ke zama su daidaita kalmomin fanni guda, haka ma jerin kalmomin cutar ƙanjamau da Ibola da aka fitar da Hausa da Yarabanci da Ibo a 2017 ƙarƙashin jagorancin Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan. Kalmomin da karatun isiji na matakin farko ke buƙata ba su da yawa. Sashen Harsuna da Al'adu na Jami'ar Tarayya Gusau na da masana harshen, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin na da likitocin, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983 na da masu ilimin kwamfuta. Sharaɗi ɗaya ne ba za a tsallake ba: kowace kalma a gwada ta a bakin nas da kunnen mara lafiya a Shinkafi da Zurmi kafin a ɗora ta a manhaja, tun da Hausar Zamfara da ta Kano ba kullum suke kiran gaɓar jiki da suna ɗaya ba.