Araha Ba Ta Ado: Lissafin Ƙarkon Talabijin Mai Intanet a Kasuwar Mubi

MUBI, Jihar Adamawa. A shagunan kayan lantarki na wannan gari da ke maƙwabtaka da ƙasar Kamaru, akwatunan talabijin masu haɗi da intanet sun daɗe da ture tsofaffin masu ƙaton baya. Samfuran kamfanonin ƙasar Sin, irin su Hisense da TCL da Skyworth, sun sauko da farashi har ya kai ga mai gidan kallon ƙwallo, da mai masaukin baƙi, da mai haɗa kayan ɗakin amarya duk suna iya saye. Sai dai abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara tambaya shi ne, shekara nawa akwatin zai yi yana aiki.

Wannan tambaya ta ƙara nauyi tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar Naira. Dalar Amurka da ake canzawa kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024. Da yake gilashin akwatin da sauran kayan cikinsa daga waje ake shigo da su, duk wanda nasa ya mutu da wuri yakan tarar kuɗin da ya saya da farko ba ya sake sayen irinsa.

Lissafin ba shi da wuya. A misali, akwatin Naira 180,000 da ya mutu bayan shekara uku ya ci wa mai shi Naira 60,000 kowace shekara. Na Naira 300,000 da ya yi shekara shida kuwa Naira 50,000 ya ci. Ke nan mai tsadar ne ya fi araha.

Abubuwa uku ke rage wa waɗannan akwatuna kwana. Na farko shi ne wutar lantarki. An ƙera su ne don wuta mai ƙarfi tsayayye, amma a Mubi akwati ɗaya yakan sha wutar Kamfanin Rarraba Lantarki na Yola da safe, ta janareta da dare, wani lokaci kuma ta sola. Hawa da saukar wuta kan fara ƙona allon da ke karɓar wuta. Na biyu shi ne fitilun da ke bayan gilashi, waɗanda ke haskaka hoto. Zafin bazara, da ƙurar hunturu da ke toshe kafofin shan iska, da barin haske a ƙurewarsa kamar yadda gidajen kallo ke yi, duk suna gaggauta mutuwarsu. Alamarta ita ce a ji murya amma babu hoto. Waɗannan biyu suna gyaruwa da kuɗi kaɗan in an samu kayan gyara. Fashewar gilashi ce ba ta da sauƙi, domin kuɗin canza shi yakan kusa kai na sabon akwati.

Na uku shi ne wanda mai saye ba ya gani, wato manhaja. Akwatuna masu rahusa kan zo da ƙaramar ma'adana da injin sarrafawa mai rauni, don haka sukan yi nauyi tun gilashinsu yana garau. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a watan Disamban 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu akwatunan Samsung na 2010 da 2011. Maganin wannan shi ne a sayi ƙaramar na'urar intanet da ake soka wa akwatin ta baya, maimakon a jefar da shi.

Akwai kuma batun nisa. Mubi tana da tazarar kimanin kilomita 200 daga Yola, kayan kuma daga kasuwar Alaba ta Legas da Onitsha da Kano ake ɗauko su. Garantin da sai an mayar da akwati Legas kafin a cika shi, amfaninsa kaɗan ne ga mutumin Mubi, balle ga wanda ya tsallako daga Kamaru. Saboda haka samfurin da masu gyara na gari suka saba da shi, kuma ake samun kayansa a kusa, ya fi wanda ba a san asalinsa ba daraja, ko da farashinsu ɗaya.

Ga mai saye, rigakafi ya fi magani: ya karɓi rasit da takardar garanti, ya kunna akwatin a shago, ya haɗa da na'urar daidaita wuta, ya rage haske, ya kuma bar sarari tsakaninsa da bango. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba shi damar kai ƙorafi ga hukumar FCCPC, amma ba tare da rasit ba hujjarsa ta yi rauni. Ga dillali kuwa, a gari irin Mubi inda ciniki ya dogara ga amana da sanayya, akwati ɗaya da ya mutu cikin wata shida yana iya kore masa abokan ciniki fiye da ribar da ya ci a kansa.