Ɗaliban Zariya da suka bijire wa zanen Turawa

A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. Galibin malamansu Turawa ne, zanen Turai suke koyarwa, su kuwa ɗaliban suka ce kowa ya waiwayi na gidansu. A cikin ɗaliban, aikin Uche Okeke ya fi burgewa: ya ɗauko uli, siraran layukan da matan Ibo ke ja a jiki da bango, ya sauke su kan takarda da alƙalami da tawada. Bruce Onobrakpeya ya koma sassaƙa zane a faranti yana bugawa. Yusuf Grillo ya kai nasa kan gilashin tagogi, Demas Nwoko kuwa gini ya nufa. Ƙungiyar ta watse a 1961.