Inda Ƙarfin Zuciya da Tsoka Yake Fitowa

Daga cikin gaɓoɓin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya halitta a jikin ɗan Adam, babu wadda aka ɗora wa aiki marar yankewa kamar zuciya, domin tun jariri yana cikin mahaifiyarsa, kafin a san namiji ne ko mace, take fara bugawa, kuma ba a ba ta izinin hutun ko da minti ɗaya ba har ranar da ajali ya cika. Ƙafa in ta gaji a zauna, hannu in ya gaji a ajiye fartanya, ido in ya gaji a runtse shi, amma zuciya, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa kimanin sau 100,000 tsakanin dare da rana, ko mai ita yana barci ko yana farke, ko yana azumi ko ya ƙoshi. Ya kamata mai hankali ya tambayi kansa daga ina wannan 'yar tsoka take samun ƙarfin da ba ya ƙarewa, kuma mene ne sababin da ke sa ƙarfin nan ya ragu ga wani tun yana da sauran ƙuruciya, alhali wani dattijon yana noma gonarsa da kansa yana da shekara saba'in.

Jawabin wannan mas'ala yana cikin wasu 'yan ƙananan abubuwa da ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, waɗanda malaman kimiyya suke kira mitokondiriya. Jiki dai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma in ban da jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da su ko ɗaya, kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da nata rabon na mitokondiriya, wata ɗaruruwa, wata dubbai, gwargwadon wahalar aikin da aka ɗora mata. Wani malami ɗan ƙasar Suwizalan, Albert von Kölliker, ya lura da su a cikin tsoka tun tsakiyar ƙarni na 19, sa'an nan Carl Benda, Bajamushe, ya raɗa musu suna a 1898, amma aka daɗe ana kallonsu ba a san fa'idarsu ba.

Mafi sauƙin misalin da za a kwatanta su da shi shi ne murhu. Tuwon da mutum ya ci, bayan hanji ya narkar da shi ya mai da shi sukari da kitse, jini ya kai shi ga tsoka, matsayinsa matsayin itace ne. Iskar oksijin da huhu ya shaƙo ita ce ke hura wutar. Mitokondiriya kuwa su ne murhun da ake haɗa biyun a ciki. Sai dai wannan wuta ba mai harshe ba ce, ana cin ta ne daki-daki, mataki bayan mataki, don kada ƙarfin ya tashi a banza, kuma abin da ake samu a ƙarshe wani sinadari ne da ake kira ATP, wanda shi kaɗai zaren tsoka ya sani, da shi yake tsukewa, da shi kuma yake saki. Hans Krebs, wanda ya bar Jamus a zamanin Hitila ya zauna a Ingila, shi ne ya bayyana zagayen da abinci ke bi a cikin wannan ƙuna a 1937 a birnin Sheffield, aka ba shi lambar Nobel a 1953. Bayansa Peter Mitchell ya zo a 1961 da bayanin da malaman zamaninsa suka daɗe suna musu a kansa, cewa ƙarfin da aka tatsa daga abinci ana amfani da shi ne wajen tura ƙwayoyin haidurojin zuwa ɗaya gefen wani tantani mai ninki-ninki da ke cikin mitokondiriya, in sun taru sai su komo ta wata ƙofa ɗaya, komowarsu kuwa ita ce ke haifar da ATP. Shekara goma sha bakwai ya jira kafin a ba shi tasa lambar a 1978, daga baya kuma aka tabbatar cewa ƙofar nan juyawa take yi da gaske, juyi na haƙiƙa, a cikin kowace tsoka ta jikinka, ya kai mai karatu, a daidai lokacin da kake karanta wannan.

To, ga abin al'ajabi game da zuciya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayar tsokarta mitokondiriya ne, kuma an ƙiyasta cewa a kwana ɗaya tana cin ATP da ya kai kilo 6, wato ya ninka nauyinta sau da yawa, alhali abin da take da shi a ajiye ba zai kai ta fiye da 'yan daƙiƙu ba. Ashe ke nan hannu baka hannu ƙwarya take yi, abin da aka ƙera yanzu shi ake ci yanzu, sa'an nan a sake ƙera shi daga ragowarsa. Mafi yawan makamashinta daga kitse take samu, shi kuwa kitse ba ya ƙonuwa sai a cikin mitokondiriya, sai kuma da oksijin.

Wanda yake son ganin wannan al'amari da idonsa ba ya bukatar madubi, ya isa ya tsaya kusa da mai fige kaza. In an yanka ta an feɗe, za ka tarar naman ƙirjinta fari ne fat, naman cinyarta kuwa ya yi duhu-duhu, dalili kuwa shi ne kaza yini take tana tafiya tana tono, tashi sama kuwa sai in an kore ta, ta yi fiffika sau kaɗan ta faɗo tana haki. Ka ɗauko tantabara ka feɗe, sai ka ga ƙirjinta ja wur har yana neman yin baƙi, domin ita tafiyarta a sama take, tana iya daɗewa tana kaɗa fiffike ba ta sauka ba. Jan naman nan alama ce ta yawan ƙananan jijiyoyin jini, da wani sinadari mai riƙe oksijin a cikin tsoka, da kuma yawan mitokondiriya. Ba banza ba ne Krebs ya zaɓi naman ƙirjin tantabara ya niƙa ya yi bincikensa da shi. Mu 'yan Adam an cakuɗa mana iri biyun a cikin tsoka ɗaya, akwai zare ja mai jimiri, akwai fari mai zafin nama da saurin gajiya. Farin yana iya fasa sukari ba da oksijin ba, amma ATP biyu kacal yake samu daga ƙwayar sukarin da mitokondiriya za su fitar da wajen talatin daga cikinta, shi ya sa ɗan kokawa yake iya tattara ƙarfinsa duka a cikin minti ɗaya ya kayar da abokin karawarsa, amma ba zai iya riƙe wannan ƙarfin daga hantsi zuwa azahar ba, yadda mai huɗa yake riƙe nasa.

Tsokar ƙafa tana da wannan mafita, in iska ta gaza mata ta ci bashi ta biya daga baya da haki. Zuciya ba ta da ita sai kaɗan ƙwarai. Idan jijiyar da ke shayar da wani sashe nata ta toshe, mitokondiriyan wurin sukan tsaya nan take, tsokar ta daina tsukewa, kuma in toshewar ta wuce kimanin minti ashirin zuwa talatin, ƙwayoyin sukan fara mutuwa, mutuwar da babu komowa, domin zuciya ba ta iya maye gurbin tsokar da ta rasa sai da tabo. Wannan ne ya sa likitoci suke cewa mai ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa dutse, yana zufa, ciwon yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'a, kada a ce bari gari ya waye.

Akwai kuma gazawar zuciya, wadda ita a hankali take zuwa, galibi bayan shekaru na hawan jini da ba a kula da shi ba. Mai ita za ka ga ƙafafunsa sun kumbura har in ka danna da yatsa gurbin ya zauna, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai, tafiya daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Bincike ya nuna cewa zuciyar irin wannan majiyyaci ajiyar ƙarfinta ta ragu, mitokondiriyanta sun raunana, kuma raunin bai tsaya a ƙirji ba, har tsokar cinya da ta sha-raɓa takan rasa nata, ta yadda wani kaso na gajiyar da yake kuka da ita daga ƙafafun take fitowa. Daga nan ne likitoci suka sauya ra'ayi, bayan a da umurninsu ga mai ciwon zuciya shi ne ya kwanta kada ya motsa, yanzu sukan sa shi tafiya a hankali bisa ƙa'ida, in jikinsa ya daidaita.

Abubuwan da ke lalata mitokondiriya da yawansu ba baƙi ba ne a gare mu. Sinadarin ƙarfe da ke cikin jini, wanda rashinsa ya yawaita ga mata masu ciki da masu jego, shi ne kuma ake gina sassan mitokondiriya da shi, saboda haka mai ƙarancinsa gajiyarta biyu ce, iskar ba ta isowa sosai, wadda ta iso kuma ba a cin moriyarta yadda ya kamata. Bitamin B1, wanda ake samu a dusar hatsi da wake da gyaɗa, in ya yi ƙaranci sukari ba ya samun shiga wutar mitokondiriya, har a kai ga cutar beriberi mai kumbura zuciya, wadda ta addabi ƙasashen Asiya lokacin da suka koma cin shinkafar da injin ya goge ta fes. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da gubar sayanayid, wadda aikinta shi ne toshe matakin ƙarshe inda oksijin ke karɓar aikinsa, don haka jiƙa shi da tsima shi da soya garinsa da ake yi hikima ce babba, kuma gaggawa a cikinta halaka ce. Haka nan hayaƙin janareta, ko na gawayi a ɗakin da aka rufe ruf lokacin hunturu, yana hana jini ɗaukar oksijin, yana kuma taɓa wannan matakin, ya kashe mutanen gida suna barci ba su ji komai ba.

Wani ɓangare kuma gado ne. Mitokondiriya suna da nasu kundin halitta dabam da na sauran ƙwayar, ɗan ƙarami mai ƙwayoyin gado 37, wanda aka kammala karanta shi a Kambirij a 1981, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, uba ba ya ba da komai a ciki. Likitan farko da ya danganta wata cuta da su shi ne Rolf Luft na ƙasar Suwidin a 1962, a kan wata mata da kullum take cikin zufa da jin zafi, tana ci da yawa ba ta ƙiba, tsokarta ba ƙarfi. Irin waɗannan cututtuka ba su da yawa, kuma sun fi kama gaɓoɓi masu cin ƙarfi, wato zuciya da tsoka da ƙwaƙwalwa da ido. Kada wani ya riƙi wannan hujjar zargin matarsa in an haifa masa yaro marar lafiya, domin da yawa daga cikin cututtukan nan suna zuwa ne ta ƙwayoyin gadon da uwa da uba suka haɗu suka bayar, kuma ko wanda ya zo ta wajen uwa ba zaɓinta ba ne.

Amma abin da ya fi cancanta a riƙe a cikin wannan babi duka shi ne cewa adadin mitokondiriya ba a yanke shi ranar haihuwa ba, yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga abin da mutum yake nema daga jikinsa. A 1967 wani malami a birnin St. Louis na Amurka, John Holloszy, ya sa ɓeraye gudu na tsawon makonni, yana ƙara musu nisa sannu a hankali, da ya duba tsokar ƙafafunsu sai ya tarar ƙarfinta na ƙona abinci da oksijin ya kusa ninkawa biyu. Shekara ɗaya kafin wannan, a birnin Dallas, an kwantar da samari biyar 'yan shekara ashirin-ashirin a gado mako uku ba sa tashi, da aka auna su sai aka ga ƙarfin jikinsu na shan oksijin ya faɗi da fiye da rubu'i. Bayan shekara talatin aka sake kiran mutanen nan biyar aka auna su, sai ga shi tsufan shekara talatin bai yi musu ɓarnar da kwanciyar mako uku ta yi musu ba. Jiki ba ya ciyar da abin da ba a amfani da shi, tsokar da aka bari a zaune takan rushe mitokondiriyanta, wadda ake wahalar da ita da ƙima kuwa takan share tsofaffin da suka lalace ta gina sababbi, kuma wannan baiwa ba ta ƙarewa da furfura.

A ganina nan ne mutanen birni suka yi asarar da ba su lura da ita ba, domin kakanninmu da suke taka ƙasa zuwa gona da kasuwa, matansu suna daka suna jan guga, ba su san sunan mitokondiriya ba amma suna kiwonsu kullum, mu kuwa da muka san sunan, sai mu hau babur zuwa masallacin da ke bayan gida. Masu tallar magungunan ƙarin kuzari a tasha da cikin waya suna ta alkawarin abin da ba a tabbatar ba, alhali abin da aka tabbatar kyauta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato tafiya mai ɗan sauri wadda za ta sa numfashi ya ƙaru amma ba ta hana magana ba, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Mai lafiya ya fara gobe da asuba, rabin sa'a a rana, kwana biyar a mako. Wanda kuwa yake da hawan jini ko ciwon sukari, ko yake jin ƙirjinsa na ɗaurewa in ya yi tafiya, ko ƙafarsa take kumbura, to, ya fara zuwa asibiti a auna shi, likita ya faɗa masa gwargwadon abin da zuciyarsa za ta ɗauka.