Ranar layya, a kula da abin da ake jefa ma kare

Ɗan uwa manomi, babbar salla ta matso. In ka yanka ragonka ana fiɗa, kare yana gefe yana jiran rabonsa. To, saurara.

Duba anta da huhu da kyau. Wani lokaci za ka ga farin ƙullutu cike da ruwa, kamar ƙwan zabo. An saba a yanke wurin a jefa ma kare. Nan ɓarnar take. Cikin ruwan nan akwai ƴaƴan tsutsa. In kare ya haɗiye su, sai su girma cikin hanjinsa. Tsawonsu bai wuce milimeta 6 ba, kuma karen ba ya nuna alamar ciwo. Bayan kamar sati 6, ƙwai su fara fita cikin kashinsa, su watsu a ciyawa da bakin rijiya. Tumaki su ci, su kamu. Yaron da ya yi wasa da kare, ya ci tuwo bai wanke hannu ba, shi ma ya kamu. Ƙullutun ya yi shekaru yana girma cikin antarsa, wani ma sai likita ya yi masa aiki.

Saboda haka, ƙone wurin da ya ɓaci, ko ka gina rami mai zurfi ka binne shi.

Gasasshen ƙashi kuma yakan tsage ya huda hanjin kare. Ragowar suya mai albasa tana lalata masa jini. Ba shi tuwo da dafaffen nama, ya isa.

Ranar kasuwa, ka tambayi malamin dabbobi maganin tsutsar kare.