KWAMFUTAR DA KA AIKA GIDA TA YI NAUYI? BINCIKA KAFIN KA ZARGI KOWA

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, ga wata magana da ta shafi aljihunku. Mutum zai tara guminsa, ya je kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya sayi ta tafi-da-gidanka, ya aika wa ɗansa da ke Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ko ƙanensa mai shirin JAMB a Nguru. Ba a jima ba sai ga waya, wai kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya. Uba ya ce yaro ya lalata, yaro ya ce an cuci uba.

To, sau da yawa babu mai laifi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, watau furosesa, ita ke rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba Performance. In wadda ya kamata ta wuce 2 GHz ta kafe a 0.79 ko 0.39, ko ana ba ta aiki, to a bi waɗannan matakai.

Na farko, caja. Kwamfutocin Dell suna gane cajarsu ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakinta. In ya karye, ko an sa jabu, ko mai wat 45 a gurbin mai 65, sai na'urar ta ja da baya, batir ma ya ƙi cika. A ari caja ta ainihi a gwada.

Na biyu, zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Nguru da Gashuwa yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Furosesar Intel kuwa in ta kusa digiri 100 dole ta sassauta. Sai mai gyara ya buɗe ya share, ya sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. A kuma daina ɗora ta bisa katifa.

Na uku, a shiga Power Options a tabbata Maximum processor state yana kan 100. In ba ta saki ba, a kashe, a cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30.

Wasu masu gyara kan sa manhajar ThrottleStop su toshe saƙon gargaɗin. Wannan yakan yi magani in ma'aunin zafin ne ya lalace, amma in zafin gaske ne, asara za a jawo.

Saboda haka mai saye, ka gwada kwamfuta da cajarta tun a shago, ka aika su tare. Rigakafi ya fi magani.