Ko Kun Sani? Wuyar Wasa Ita Ce Daɗinsa

A shagunan wasan bidiyo na Maraɗi, matashin da hannunsa ya faɗa a wasan ƙwallon ƙafa na PlayStation yakan ɗaga matakin wahala, wato ma'aunin da ke ƙara wa na'ura wayo da sauri, domin nasarar da aka samu ba gumi ba ta da armashi. Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya bayyana a 1975 cewa mutum yakan nutse cikin aiki ne idan wuyarsa ta yi daidai da gwanintarsa, domin sauƙi kan kawo gundura, tsananin da ya wuce ƙarfi kuma ya kawo fargaba.

Wannan hikima ta daɗe a wasan dara da dattawa ke bugawa a Tibiri da Jiratawa, mai gurabe 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, inda jera uku ke ba da damar ci, amma jera huɗu ba ya ci, kuma aka hana jera uku lokacin dasawa, don kada nasara ta zo da arha.